Ruwan Ƙasa a Ƙofar Gida: Tarihin Launin Ƙyaure a Ƙasar Hausa

Gabatarwa

Duk wanda ya zaga sababbin unguwannin Kano, ko Kaduna, ko Katsina, ko Maraɗi, zai lura da cewa ƙofofin gidaje masu yawa launinsu ɗaya ne, watau ruwan ƙasa. Ma'aikacin da ya yi shekara da shekaru yana tarin kuɗi, ko ya karɓi bashin gina gida, idan aiki ya kai ga sa ƙyaure, sau da yawa abin da ɗan kasuwa zai fara nuna masa ke nan: ƙyauren ƙarfe mai ruwan ƙasa, an yi masa zane irin na katako. Mai saye yana ganin ya zaɓi kayan zamani da aka yo oda daga waje. Alhali kuwa a shekarun 1960, da an ce wa mahaifinsa ya shafa wa ƙofarsa wannan launi, da ya ce an raina masa arziki, domin a wancan zamani kore da shuɗi su ne alamar samu.

Wannan lacca za ta bi sawun launin nan tun daga zamanin ganuwa har zuwa zamanin ƙyauren oda. Abin da ake so a nuna shi ne, a mafi yawan tarihin ƙasar Hausa ruwan ƙasa sakamako ne na tsare gida. Magina da maƙera sun nemi maganin ruwan sama da gara da ɓarawo, launin kuwa ya biyo maganin. Sai a zamanin nan ne aka raba launin da aikinsa, har ana iya sayen launin a bar aikin. Wanda ya fahimci haka zai fi iya zaɓe wa gidansa abin da zai dawwama.

1. Sunan Launin a Bakin Bahaushe

Yana da kyau a fara da harshe, domin harshe ma'ajiyar tarihi ce. Launukan da suka fi tsufa a Hausa suna da sunayen kansu, har da kalmomin da ke ƙarfafa su. Akan ce fari fat, baƙi ƙirin, ja wur, kore shar. Launin da ake magana a kansa ba shi da sunan kansa, ba shi kuma da kalmar ƙarfafawa. Aro ake yi masa daga abin da ke ɗauke da shi: ruwan ƙasa, ko ƙasa-ƙasa, ko ruwan makuba idan ya yi duhu, ko ruwan hanta idan ya karkata wajen ja. A da ma kalmar "ja" ce take haɗiye shi. Akuyar nan ta Sakkwato da Maraɗi, wadda fatarta ta yi suna a kasuwannin duniya, jar akuya ake ce mata, ko da yake duk mai ido ya san jan nata ba irin na jini ba ne. Haka nan ƙasar gini jar ƙasa ake ce mata.

Wannan ba ga Hausa kaɗai ya tsaya ba. A 1969 wasu masana biyu na Jami'ar Kalifoniya, Brent Berlin da Paul Kay, sun kwatanta sunayen launuka a harsuna masu yawa, suka nuna cewa harshe yakan fara samun sunan fari da baƙi, sa'an nan ja, sa'an nan kore da rawaya, sa'an nan shuɗi, kafin ruwan ƙasa ya sami suna na kansa. An yi ta gyara wa nazarin nasu fuska daga baya, amma abin da ya shafi wannan lacca a fili yake. Mutum ba ya gaggawar raɗa wa abin da ya kewaye shi ta ko'ina suna na dabam. Bahaushen da ya tashi a cikin birnin laka yana ganin launin nan a bango, da daɓe, da turmi, da tukunya, da hanyar kasuwa. A wurinsa shi ne shimfiɗar da sauran launuka suke zama a kai.

2. Bango da Ƙyaure Kafin Zuwan Turawa

Ba a iya raba tarihin ƙyaure da na bangon da yake ciki. Ƙasar da ake haƙa a kududdufi a yi tubali da ita tana ɗauke da ƙarfe, kuma tsatsar wannan ƙarfe ce take ba ta launinta. Ƙarfen nan ne ma ya fara jawo mutane zuwa gindin Dutsen Dala, inda masu binciken kufai suka sami alamun narka tama tun wajen ƙarni na 7. Watau dai ƙasar da ta ba maƙeri tama ita ce ta ba magini launi.

Babban abokin gābar ginin laka shi ne damina, musamman hadarin da yake tasowa daga gabas da iska mai ƙarfi, yana dukan bango a karkace. Saboda haka magina suka ƙirƙiro hanyoyin yaɓe masu hana ruwa shiga. Wadda ta fi shahara ita ce makuba. Bayan an cire garin ɗorawa, an ware kalwa domin daddawa, sai a daka ɓawon a jiƙa shi, ya ba da ruwa mai duhu, a kwaɓa ƙasar yaɓe da shi. Ruwan nan yana ɗauke da irin sinadarin da majema suke nema a cikin bagaruwa, wanda masana suke kira tanin. Idan tanin ya gamu da ƙarfen da ke cikin ƙasa sai launi ya ƙara duhu, fuskar bango ta yi tauri. Da makuba ne kuma mata suke yayyafa wa daɓe ya yi ƙarfi da sheƙi. Akwai kuma laso, wanda ake haɗawa da katsin marina, da gashin da majema suka kankare daga fata, da yauƙin dafara, a shafe rufin soro da shi. Kowace sana'a ta birni tana ba magini shararta, shi kuwa yana mai da ita garkuwar gida. Launin ruwan makuba a jikin zaure shaida ce cewa maigidan yana da halin yin yaɓe a kan kari, domin kowa ya san sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Shi kuwa ƙyaure, darajarsa tana bin darajar mai shi. Talaka yana rufe ɗakinsa da asabari, ko tufaniya, ko ƙyauren kara. Ƙyauren itace sai mai hali, kuma akwai dalili. Masassaƙin Hausa na wancan zamani da gatari da gizago yake aiki, ba ya tsaga gungume da babban zarto. Kafin ya fid da allo ɗaya mai faɗi sai ya sassaƙe rabin gungume ya zubar. Itatuwan da gara ba ta cin su da sauƙi, kamar kirya da ƙawo da maɗaci da azarar giginya, dukkansu masu tauri ne, masu wuyar sassaƙa, kuma launinsu tsakanin ja ne da ruwan ƙasa mai duhu. Rana da hayaƙi da hannun masu shiga da fita su suke ƙarasa musu rini. Maƙeri kuma ya ɗaure allunan da ƙarfe da manyan ƙusoshi, ƙarfen ya yi tsatsa ya saje da itacen.

Manyan ƙyamare kuwa suna ƙofofin gari. Tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ganuwa, aka ci gaba da faɗaɗa ta a zamanin sarakunan baya, ciki har da Muhammadu Rumfa (1463–1499). Baturen nan Clapperton, da ya shiga Kano a watan Janairu na 1824, ya ƙirga ƙofofi 15, ya ce ƙyamarensu na itace ne da aka lulluɓe da fallen ƙarfe, ana buɗe su da fitowar rana, a rufe da faɗuwarta. Gwamna Lugga kuma, a rahotonsa kan cin Kano a 1903, ya ambaci ƙofofi 13, ya ce ƙyamaren na fatar shanu ne, ƙarfin ƙofar yana ga doguwar mashigar laka mai lanƙwasa da aka kafa su a ciki. Ko itace, ko ƙarfe mai tsatsa, ko ƙirgi, launin dai bai fita daga dangin ruwan ƙasa ba. Mai son ganin irin waɗannan ƙyamare da idonsa sai ya ziyarci gidan tarihi na Gidan Makama.

Akwai wani abu guda da ya kamata ɗalibi ya riƙe a nan. A tsarin gidan Bahaushe, sirrin gida ba a wuyan ƙyaure yake ba. Zaure ne yake tsare shi. Ƙofar shiga zaure da ta fita ba sa kallon juna, daga nan sai farfajiya, sai shigifa, kafin a kai cikin gida. Saboda haka ƙyauren zaure yana iya wuni a buɗe, baƙo ya shiga ya zauna, almajiri ya yi karatu, maƙwabta su ci tuwon dare tare, ba wanda ya hangi matan gida. Ƙyauren da yake wuni a jingine da bango ba shi da bukatar ado. Shi ya sa gwanintar magina, tun daga zamanin Malam Mika'ilu Babban Gwani, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu (1834–1846), ta tafi ga bakan gizo da daurin guga a ciki, da zanko da zanen da ke kewaye da bakin ƙofa a waje.

3. Jirgin Ƙasa, Zarto da Fenti

Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa kuma ya buɗe a 1912. Jirgin da yake kwasar gyaɗa da fata zuwa bakin teku ba ya dawowa wayam. Yana kawo kwanon rufi, da siminti, da ƙusa, da kwaɗo, da gwangwanin fenti, da katakon da aka tsaga da zarto a dazuzzukan kudu, kamar loko da maɗacin kurmi. Tun a 1909 kuma Ɗan Hausa, watau Hanns Vischer, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa, wadda ta haɗa da sashen koyar da sana'o'in hannu. Daga irin waɗannan wurare da ma'aikatun En'e aka sami sabon mai sana'a, watau kafinta, wanda yake iya fid da alluna da yawa daga gungumen da masassaƙi zai fid da biyu. Ƙyauren katako ya sauko daga gidan sarki da attajiri zuwa gidan malamin En'e da ɗan tireda. Talaka ma ya sami nasa rabo, domin ana buɗe garwar kananzir ko tsohon kwano a buga a kan firam, a sami ƙyauren langa-langa.

Turawan mulki da farko sun yi amfani da magina na gida. Gidan Ɗan Hausa a Kano da tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, duk ginin ƙasa ne. Katakon gine-ginen gwamnati kuwa ana shafa masa maganin gara irin su Solignum, wanda shi ma launinsa ruwan ƙasa ne mai duhu, kamar yadda mutanen gari suka riƙa shafa wa nasu baƙin man mota. Har a nan launin bai rabu da aikinsa ba. Sai dai wani canji ya shiga a tunanin hukuma. A 1945 Ma'aikatar Ayyuka ta buga wani littafi na injiniya A. F. Daldy, wanda ya bayyana yadda ake haɗa makuba da laso da sauran dabarun magina. Littafi ne mai amfani ƙwarai, amma sunan da aka ba shi ya kira waɗannan gine-gine na wucin gadi. Ganuwar da ta yi shekaru ɗaruruwa a tsaye ta shiga sahun wucin gadi, bulo da kwano suka zama su ne gini na dindindin. Wannan rabe-rabe ya shiga takardun ofis da ƙa'idodin fili da na bashi, daga nan ya shiga zukatan ma'aikata.

Da launin laka ya zama launin wucin gadi, sai mai kuɗi ya fara gudunsa. Siminti ya ba magina damar yin zane mai ɗorewa a fuskar gida, fentin mai kuma ya ba su launukan da a da ba a samu sai a tufafi. A. H. M. Kirk-Greene ya wallafa ɗan littafi a 1963 kan gidaje masu ado na Zariya, inda ake ganin dagi da takobi suna zaune tare da keke da agogo da jirgin sama a bango guda. Irin wannan ado ya bunƙasa a Kano, da unguwar Birni ta Damagaram. Kayan aikin ma suka fara samuwa a cikin ƙasa: masana'antar siminti ta Nkalagu a 1957, ta Ewekoro a 1960, ta Sakkwato a 1967, ta Ashaka a 1979. Kamfanin da daga baya ya zama Berger Paints an kafa shi a Legas a 1959.

A wannan zamani ne ƙyaure ya sami launi na zaɓi a karo na farko. Kore yana da daraja a idon alhazan da suka ga ƙubbar masallacin Madina, wadda aka shafa wa wannan launi tun 1837, ga shi kuma shi ne launin tutar ƙasa daga 1960. Shuɗi kuwa tsohon aminin Bahaushe ne ta wajen marina da shuni. Ƙyaure mai kore ko shuɗi a cikin bangon laka yana sanar da mai wucewa cewa kuɗin gyaɗa, ko na auduga, ko albashi, ya shigo gidan. Labarin zuciya, in ji Hausawa, a tambayi fuska, ƙofa kuwa ita ce fuskar gida. Har manyan gine-ginen addini ba su tsira daga wannan sauyi ba. An sāke gina masallacin Juma'a na Kano da siminti a farkon shekarun 1950, na Zariya kuma, aikin Babban Gwani, aka rushe wani sashensa a shekarun 1970 aka lulluɓe ragowar da ginin kankare.

4. Daga Zaure Zuwa Get

Abubuwa biyu suka mai da ƙyauren waje daga katako zuwa ƙarfe. Na farko tsoro ne. Bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 makamai suka bazu, fashi ya yi yawa, har gwamnatin soja ta kafa dokar hukunta 'yan fashi da makami a 1970. Na biyu mota ce. Kuɗin man fetur ya shigo, ƙarin albashin Udoji ya shiga aljihun ma'aikata a 1975, a shekarar ce kuma masana'antar haɗa motocin Peugeot ta fara aiki a Kaduna. A wannan shekara dai aka yi odar siminti fiye da kima, har ɗaruruwan jiragen ruwa suka yi cirko-cirko a tashar Legas suna jiran sauke kaya. Ƙasa duka ta shiga gini.

Mota ba ta bi ta zaure. Ma'aikacin da ya sami fuloti a sabuwar shimfiɗa sai ya kewaye shi da katangar bulo, ya bar wa mota babbar ƙofa, ya kira mai walda ya haɗa masa get. Get kuwa yana kallon tsakar gida kai tsaye, don haka tilas ya wuni a rufe. Nauyin da zaure yake ɗauka, na sirri da na tsaro, ya koma kan fallen ƙarfe guda. Abin da aka yi asara a nan ya fi gini, domin baƙon da a da zai shiga zaure ya zauna a inuwa, yanzu a rana yake tsayawa yana ƙwanƙwasa ƙarfe. Ta fuskar launi kuwa, ƙyauren da yake wuni a rufe shi ne abin da kowa yake fara gani, saboda haka adon da yake jikin bango ya komo jikinsa.

A nan ne ruwan ƙasa ya dawo ta hanyar da ba a zata ba. Ƙarfe ba ya jure damina sai an yi masa shafen fari mai hana tsatsa, wannan shafe kuwa shi ne jan fentin nan na masu walda, wanda launinsa yake tsakanin ja da ruwan ƙasa. Abin mamaki shi ne garin da ake haɗa shi da shi dangin tsatsa ne, watau sinadarin da ya rina jar ƙasar kududdufi. Ƙa'ida ita ce a bi shi da wani fenti a sama. Amma gini yakan cinye kuɗin mai shi kafin a kai ga wannan, sai get ya zauna da jan fentinsa shekara da shekaru. Wasu kuma da suka ga launin yana ɓoye tsatsa da ƙura, sai suka riƙa neman fentin sama mai kama da shi.

5. Ƙarfe Cikin Rigar Katako

Daga farkon shekarun 2000 kasuwannin kayan gini suka cika da ƙyamaren ƙarfe na oda, mafi yawa daga ƙasar Sin, inda garin Yongkang na lardin Zhejiang ya yi suna da wannan sana'a, wasu kuma daga Turkiyya, musamman garin Kayseri. Yawancinsu ruwan ƙasa ne, an buga musu zanen jijiyar itace da zafin inji, ko an manna musu siririn falle mai kama da katako. Mai saye yana son ƙarfin ƙarfe, yana kuma son kwarjinin katako, domin katakon kirki ya zama abin da ba kowa yake iya saye ba. Dazuzzukan da suka ba kafintan 1950 alluna sun ja baya. Madobiya, wadda aka yi ta sarewa a yankin Taraba da maƙwabtansa ana kai wa Sin, ta shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta sa wa ido a cinikin duniya daga 2017, a taron 2022 kuma aka ƙara da maɗaci da ƙawo na Afirka. Itacen gaske yana fita, hotonsa yana shigowa a jikin ƙarfe.

Wannan dabara ta sa wa abu rigar katako tana da tarihi a wata ƙasa, kuma tarihin ya taɓa Nijeriya. A Ingila ta ƙarni na 18 da na 19, fentin ruwan ƙasa da ake yi da garin ƙasa mai ƙarfe yana cikin mafi araha, saboda haka ya yawaita a ƙofofi da tagogi. Biyu daga cikin irin wannan gari sun shahara a Turai, ɗaya ma sunansa daga garin Siyena na Italiya ya samo asali. Masu fenti na Ingila suka ƙware wajen ɗaukar katako mai araha su ja masa jijiya da buroshi da matsefi, har ya yi kama da itacen oak ko mahogani mai tsada. Wani daga cikinsu, Thomas Kershaw, ya sami lambar yabo a babban baje kolin Landan na 1851. Amma masanin zane John Ruskin, a littafinsa kan gine-gine na 1849, ya sa shafa wa abu fenti domin ya yi kama da wani abu dabam a cikin nau'o'in yaudara a gini. Mahoganin da ake kwaikwayo kuwa, daga ƙarshen ƙarni na 19 wani kaso nasa daga gaɓar Afirka ta Yamma ake kai shi Libaful, kuma ɗan'uwan maɗacin nan ne da ke bakin hanyoyin ƙasar Hausa. Garin Sapele ma har ya ba wani irin katako sunansa a kasuwar duniya.

Ba lalle ne a bi Ruskin har ƙarshen zafinsa ba. Bahaushe ya riga ya yanke hukunci cikin kalmomi kaɗan, da ya ce kama da wane ba ta wane. Illar ba ta ɗabi'a kaɗai ba ce. Katakon gaske idan ya koɗe ana goge shi a sāke shafa masa mai, ya dawo. Get ɗin mai walda idan ya yi tsatsa ana kankare shi a sāke masa fenti. Amma zanen da aka buga a masana'anta, idan rana ta cinye shi ko ya ɓare, ba mai fentin da zai mayar da shi yadda yake. Daɗin daɗawa, waɗannan ƙyamare ba darajarsu ɗaya ba. Akwai masu kaurin ƙarfe da aka yi domin waje, akwai masu siririn falle da ba su dace da ko'ina ba sai cikin ɗaki, launinsu kuwa iri ɗaya ne a idon mai saye.

6. Abin da Tarihi Yake Koya wa Mai Gini

Daga abin da ya gabata ana iya fid da wasu darussa ga wanda ya tsai da shawara a kan ruwan ƙasa.

Na farko, zaɓin yana da hujja. Fentin da aka haɗa da garin tsatsar ƙarfe yana cikin waɗanda suka fi jure rana, ba ya saurin koɗewa kamar yadda wasu jajaye da shuɗɗa masu haske suke yi. Ba ya kuma nuna jar ƙasar da ruwan sama yake fantsamawa a gindin ƙofa. Yana zama lafiya da bango fari, ko ruwan madara, ko na jan bulo, ko na laka.

Na biyu, ruwan ƙasa suna ne na dangi mai yawa, kuma duhunsa yana da farashi. Launi mai duhu yana shan zafin rana fiye da mai haske. A Kano ko Sakkwato, inda zafin watan Afrilu yake kai awo 40 ko fiye, ƙyauren ƙarfe mai ruwan makuba da ke kallon yamma yakan yi zafin da hannu ba ya iya daɗewa a kansa, ya kuma tura zafin cikin ɗaki. Idan na katako ne, zafin yana sa shi tsagewa ko kantarewa. Bugu da ƙari, ƙurar hunturu, wadda iska take kwasowa daga ƙwarin Bodele na ƙasar Cadi, fara-fara ce, don haka ta fi fitowa a jikin abu mai duhu da sheƙi. Matsakaicin ruwan ƙasa marar ƙyalli ya fi ɓoye ta.

Na uku, a duba inda ƙofa take kallo kafin a duba launi. Ta gabas tana shan dukan hadari, ta yamma tana shan ranar la'asar. Maginan da sun san haka, shi ya sa suke zurfafa bakin ƙofa a cikin kaurin bango, suna kuma fid da indararo nesa da shi. Ɗan rufi ko baranda a kan ƙyaure yana ƙara masa kwana fiye da kowane fenti.

Na huɗu, abin da ke ƙarƙashin launi ya fi launin muhimmanci. Ga ƙarfe, kaurinsa da shafen hana tsatsa; ga katako, irin itacen, da bushewarsa, da maganin gara, har da shafe goshinsa da gindinsa inda ido ba ya gani amma ruwa yake shiga. Wannan ya shafi ma'aikacin da yake rubuta takardar kwangilar makaranta ko asibiti fiye da kowa. Idan takarda ta ambaci launi ta yi shiru a kan kauri da shafe, to an buɗe wa ɗan kwangila hanyar kawo riga babu jiki, kuma dukiyar jama'a ce za ta biya sauyin bayan damina kaɗan.

Kammalawa

An ga yadda launi guda ya ratsa zamani huɗu. A zamanin ganuwa ya zo tare da makuba da itace da ƙirgi ba tare da an zaɓe shi ba. A zamanin jirgin ƙasa da fenti an guje shi domin ya zama alamar ginin wucin gadi. A zamanin get ya dawo a matsayin maganin tsatsa. A zamanin ƙyauren oda kuwa ya zama hoton katakon da ya yi wuyar samu. A uku na farko, ko an so shi ko an ƙi shi, yana faɗin gaskiyar abin da ke ƙarƙashinsa. A na huɗu ne kaɗai ya zama wajibi mai saye ya bincika da kansa.

Saura aiki ga ɗalibai. Maginan da suka san awon makuba da haɗin laso suna ƙarewa, kuma mafi yawan abin da aka rubuta game da sana'arsu da harsunan waje aka rubuta shi. Sunayen ƙasa da na itace da na yaɓe, da yadda ake gane wadda ta nuna da wadda ba ta nuna ba, ilimi ne da yake bakin tsofaffi a Zariya da Kano da Katsina da Damagaram. Wanda ya je ya zauna a zaurensu ya rubuta shi da Hausa, ya yi wa tarihi hidima, ya kuma yi wa mai ginin gobe, domin da tsohuwar zuma ake magani.